Akwatin da Malam Ya Bari a Kunne

Idan mutum ya rasu ya bar wani abu nasa yana tafiya, wanne ne riƙon amana: ka tsayar da abin a daidai inda ya bar shi, ko ka ƙyale shi ya ci gaba babu shi? Na tambayi malamin da ya raba mana gado, na tambayi 'yata, na tambayi kaina ba adadi. Har yau ban samu amsar da ta zauna mini ba.

Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. 'Yata ta fari ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Tana koyarwa a Kabo, takan zo Unguwar Tudu ta duba ni ranar da babu makaranta. In kuka ya zo mini takan ajiye biron ta jira, domin har yanzu ina kuka, kuma ba na ɓoyewa. Mutumin da na zauna da shi tun ƙuruciya ne ya tafi.

Dangin Malam, mijina, makiyaya ne a wajen Gude. Lokacin da aka kai ni gidansu akwai garke sosai, akwai rijiya a gindin tsamiya, ga bukkata daga gabas da ita. Sadakina wata jar saniya ce mai farin goshi, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ni. Daga baya shanun suka yi ta raguwa. Ciwo ya ci wasu, hidimar gida ta ci wasu, wurin kiwo ya matse. Jar saniyata ita ce ta ƙarshe da aka sayar, shekarar da wannan mai rubutun ta yi doguwar jinya. Muka dawo nan muka kama noma, shi kuma Malam ya koyi gyaran rediyo a cikin Gwarzo.

Hannunsa yana son ƙarfe. Daga rediyo ya koma bidiyo, daga bidiyo shagon ya zama abin da ake kira gidan gem, inda samari suke biya su buga ƙwallo a talabijin. Tsaransa sun yi masa dariya, wai ga furfura ga wasan yara. Shi ko a jikinsa. Abin da yake damunsa ɗaya ne, faifan wasannin. Kullum sai wani ya karce ko ya ɓata, ko wani ya ara ya manta hanyar dawowa.

Wata rana ya shigo da wani baƙin akwatin ƙarfe a bayan babur, bai kai girman mudubin ɗakina ba. Ya ce kwamfuta ce, amma ba ta da fuska. Ya kwashe duk wasanninsa ya zuba a ciki, sannan ya sa mata wata manhaja da take jera su, kowanne da hotonsa da sunansa, ta kuma riƙe wa kowa inda ya tsaya a wasansa. Daga shago talabijin ɗinsa za su riƙa ɗauko wanda ake so.

Na tambaye shi me ya hana ya yi yadda sauran masu shago suke yi. Sai ya yi mini bayani da shanu, don ya san da su nake gane abu. Ya ce su haya suke yi a wajen kamfani duk wata, kamar mai sayen nono a ƙwarya: ranar da ya daina biya, ko maraƙi ba shi da shi. Shi kuwa garkensa yake so a gidansa. Na ce to madalla, ashe mun huta da biya. Ya sosa ƙeya. Ashe masu manhajar sun bar ta kyauta ne ga wanda yake zaune kusa da akwatin. Wanda yake son ya leƙa ciki daga nesa sai ya biya su, ko dai duk wata, ko kuma biya ɗaya mai nauyi wanda suka ce na tsawon rai ne. Ya ɗauki lokaci yana biyan na wata yana mita, don da dala ake lissafawa, kullum kuɗin yana hawa. Wata kaka da gyaɗa ta yi kyau ya sayar da buhunansa ya yi biya ɗayan. Ranar ya dawo gida yana tafiya kamar wanda ya sayi bijimi.

A ɗakina aka ajiye akwatin, saboda ya fi sanyi, kuma nan batirin sola yake. Kusa da shi akwai wata 'yar na'ura mai layin waya a ciki, ita take haɗa shi da shago. Abin da nake gani a jikin akwatin 'yar koriyar fitila ce kawai, abin da nake ji kuma wani ɗan gurnani kamar na kyanwa mai barci. Aikina da shi guda ɗaya ne. Ina sayar da zoɓo da kunun aya, firjina ma daga batirin yake sha. In damina ta yi, gari ya lumshe, wuta ba ta isar su biyu, sai in danna maɓallin akwatin in kashe shi har rana ta fito. Malam ne ya nuna mini maɓallin da kansa.

A cikin wasannin akwai ɗaya da ba ya ba samarin shago. Na noma da kiwo ne. Bayan La'asar yakan zauna a tabarma da wayarsa, can sai in ji ya ce an samu ƙaruwa, baƙar nan ta haihu. In ce masa to a kawo nonon in dama fura. Wata rana ya ce mini ya sayi ja mai farin goshi, kuma tawa ce. Tun daga nan in ya zauna sai ya ce saniyata tana gaishe ni, ni kuma in ce ina amsawa, a gaya mata ta rage faɗa.

Ya sha miƙo mini wayar in gani. Idona ya yi rauni, ba na ganin komai sai kore-kore da wasu ɗige-ɗige suna motsi. Na ce ni ba zan gaisa da saniyata tana kamar tururuwa ba, ya kawo talabijin daga shago in gan ta da girmanta. Ya ce bayan Sallah. Sallah ta wuce ya ce sai kasuwa ta lafa. Ban matsa ba. Na ɗauka muna da lokaci.

Ranar da ya rasu da hadari aka tashi. Da zai fita ya hana ni kashe akwatin. Ya isa shago lafiya, ya buɗe, ya zauna a benci ya ce ƙirjinsa. Kafin maƙwabta su samo mota Allah ya karɓi abinsa.

Ban san yadda kwanakin farko suka wuce ba. Abin da na sani, da hankalina ya fara dawowa, koriyar fitilar tana nan a kunne, kuma na ƙudurta ba za ta mutu a hannuna ba. Na sa aka cire firji. Na haƙura da fanka. Mata 'yan zaman makoki suka cika ɗakin, kowacce da wayarta tana neman inda za ta sa caji, ni kuma ina cewa su yi haƙuri su kai maƙwabta. Wata tsohuwa daga dangin Malam ta dube ni ta ce, "Yarinya, takaba kike yi ko gadin akwati?" Na ce duka biyun, Gwaggo. Ta tafi tana cewa baƙin ciki ya taɓa ni. Wataƙila ya taɓa ni ɗin.

Ƙanen Malam, Alhaji, mai sayar da hatsi a kasuwar Gwarzo, shi ya tsaya a kan dukiya. A gidansu ba a wasa da kayan mamaci. Ko allura ba a ɗauka sai an raba, kuma aka ce rabon sai an gama girbi, don a san abin da gona ta bayar. Ya kulle shagon da duk abin da ke ciki, ya zo zai ɗauki akwatin ya haɗa da sauran kaya. Tun ina amarya muke wasa da shi, bai taɓa shigowa gidan nan bai tsokane ni ba. Ranar ya shigo da ladabi, ya yi doguwar gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Na ce, "Alhaji, yayanka ya ce a bar shi a kunne. In ka ɗauka ka kashe."

Ya ce, "Matar Yaya, na wuni ɗaya yake nufi."

Na ce bai faɗa mini haka ba. Ya tsaya yana kallon fitilar, sannan ya ce to ya bar shi amana a hannuna, amma kada in sa rai zai buɗe shago kafin ranar rabo.

Ni kuwa abin da nake so bai wuce in ga jar saniyar nan ba. Ban taɓa son ganin abu kamar haka ba. Ga ta a cikin ɗakina, taku biyu daga gadona, amma babu ƙofa. 'Yata ta yi iya ƙoƙarinta. Wayar Malam da babban yatsansa take buɗewa, yatsan kuma yana ƙasa. Ta gwada tata wayar, aka ce masu manhajar ba su yi wa irin wayarta ƙofa ba tukuna, suna kan aikin. Ta aro ta wata abokiyar aikinta wadda irin ta Malam ce, ta gwada daga Kabo. Nan kuma aka ce biyan da ya yi a sunansa yake, sabon mutum sai ya fara biyan na wata, kuma ko ya biya sai ya san kalmar sirrin da Malam ya sa, wadda babu wanda ya sani. Na yi ta juya abin a raina. Akwatin namu ne, wutar tamu ce, ɗakin nawa ne, amma wasu mutane da ba su san hanyar Gwarzo ba su ne suke cewa wannan waya ta shiga, waccan ta tsaya a waje. Na so in san su wane ne, ko suna da iyaye tsofaffi. 'Yata ta ce abin da ya rage shi ne ƙaramar kwamfutar shago, wadda ta riga ta san akwatin, ba ta tambayar komai. Ita kuma tana bayan kwaɗon Alhaji.

Ana tsakiyar damina ta zo mini da wata magana. Ta karanta bayanin wannan wasa na kiwo, ta zauna a bakin gado tana ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa.

"Inna, muddin akwatin nan yana kunne, kwanaki suna tafiya a cikin gonar, kuma sun fi namu sauri. Babu mai ba su ruwa. In kika kashe shi komai zai tsaya cak, yadda yake, har ranar da aka buɗe."

Na tambaye ta, da na kashe tun ranar farko fa? Ta ce da zan same su daidai yadda Baba ya bar su.

Ta ce in kashe yanzu a tsira da abin da ya rage. Alhaji ma da ya ji, haka ya ce. Na tashi na je na ɗora yatsana a kan maɓallin, wanda na danna sau ba adadi saboda zoɓo. Na kasa. A gidan da na tashi, maganar ƙarshe da mai garke ya yi a kan garkensa ba a tsallake ta, ko da wani yana ganin ya fi shi dabara. Sannan hankalina ya ƙi ɗaukar cewa ana ninke saniya a ajiye kamar zane. Dabbar da na sani, in ka bar ta sake tana iya nemo wa kanta ruwa. Wadda ka tsayar wuri ɗaya ita ce abar tausayi. Na san ba shanun gaske ba ne, ban haukace ba. Amma da wannan sanin aka raine ni, ba ni da wani. Na ɗauke hannuna na koma na zauna.

Haka na ƙarasa takaba, ina kallon sama kamar manomi. In hadari ya haɗo, maƙwabta suna murna, ni ina duban batir.

Bayan girbi aka sa ranar rabo. Alhaji ya kwaso kayan shago aka jera a zaure don a yi musu kuɗi. Malamin rabo ya zo, dattijo ne daga Kara, mai magana a hankali. Na aika 'yata ta roƙa mini alfarma, kafin a yi wa komai kuɗi a bar ni in ga abin da ke cikin akwatin. Malamin ya ce kallo ba ya rage gado. Alhaji da kansa ya rungumo babbar talabijin ya shigo da ita ɗakina yana nishi, yana cewa yau zai ga shanun da suka hana shi shan zoɓo mai sanyi.

Da aka haɗa ta da ƙaramar kwamfutar shagon, sai ga wasannin sun fito a jere, layi-layi, kamar kaya a kanti. Ban san suna da yawa haka ba. 'Yata ta yi ta wucewa har ta kai kan wani mai hoton ciyawa, ta danna.

Na gane wurin kafin kowa ya yi magana. Ga tsamiya, ko wata bishiya da ya samu mai kama da ita. Ga rijiya a gindinta. Ga bukka daga gabas, da wasu abubuwa zagaye-zagaye a kife a gefenta, inda nake shanya ƙorena. Ya sa turken maruƙa a inda yake, ya bar 'yar hanyar da take bi ta bayan bukka zuwa rafi. Rugarmu ta Gude ce, wadda yanzu gonar wani ce. Alhaji ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Shi ma a can aka haife shi.

Ciyawa ta cinye ko'ina, ta kai rabin bukkar. Shinge ya faɗi ta gefe ɗaya. Komin shan ruwa a bushe. Babu saniya ko ɗaya a garken. A bakin rijiya kuma ga wani ɗan mutum a tsaye, da malafa a kansa, da guga a hannu, ba ya motsi. 'Yata ta ce wannan shi ne wanda Baba yake tafiyarwa, a nan ya bar shi. Na yi kuka a gaban ƙanen mijina, abin da ban taɓa yi ba.

Da na natsu na ce mata ta bi da shi ta bayan bukka. Ta ce me ke can? Na ce ta dai bi. Ɗan mutumin ya tafi da gugansa cikin ciyawa har bakin rafi, sai ga su. Sun rame, sun warwatsu, amma suna nan, da maruƙan da Malam bai taɓa gani ba. Na sa ta zagaya da shi sama da ƙasa, muka duba kowacce. Ga baƙa, ga farare, ga mai roɗi-roɗi. Ja mai farin goshi ba ta ciki. Muka koma muka sake dubawa. 'Yata ta ce a wasan, wadda ta tsufa ko ta daɗe ba kulawa takan ɓace, ba a ganin gawa.

Akwai wata 'yar maraƙa ja a cikinsu, babu fari a goshinta. 'Yata ta ce na'ura ce take zaɓar launi yadda ta ga dama. Ban yi mata gardama ba. Na ce ta kora su gida a ba su ruwa.

A zaure malamin ya saurari bayanin duka, ya yi tambayoyi fiye da yadda na zata. Ya so ya san ko ana iya sayar da shanun, ko ana iya mayar da su akwatin wani. Ya tambayi biyan nan na tsawon rai, aka ce masa a ƙa'idar masu shi ba ya komawa kan magaji. Ya jinjina kai ya ce shi dai ƙarfe zai yi wa kuɗi, sauran bai taɓa cin karo da irinsu ba. Na aika a gaya masa a sa akwatin da ƙaramar kwamfutar da talabijin ɗaya a cikin tumunina na gado, a rage mini a wani wajen. Alhaji ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Matar Yaya, kin zaɓi shanun da ba a tatsa." Na ce su ne kuma ba sa shiga gonar kowa. Ya yi dariya, karo na farko tun rasuwar.

Na tambayi malamin tambayar da na fara da ita. Ya ce na bi maganar mijina, babu laifi a kaina. Na gode masa, amma ba laifi nake tambaya ba. Da na kashe, da na ga saniyata tsaye a garke, da ruwa rabin komi, yadda hannunsa ya bar su. Da ban ga maruƙan ba. Wani lokaci ina ganin na yi daidai, wani lokaci ina jin na sayar da ita sau biyu.

Yanzu na koyi maɓalli uku, na tafiya, na ɗiban ruwa, na zubawa. Tunda a kusa da akwatin nake, ba na biyan kowa. 'Yata tana so ta riƙa duba mini su daga Kabo, har yanzu ba a yi wa wayarta ƙofa ba. Na mayar da firji. In gari ya lumshe nakan ba su ruwa tukuna, sannan in kashe.

Safiyar da ya rasu kuwa ina ganinta kamar yau. Ya sha kokonsa a tabarma, wayar tana hannunsa na hagu. Aka yi tsawa daga gabas, ya tashi da sauri ya sa wayar a aljihu don kada ruwa ya tare shi a hanya. Ni ina durƙushe gaban batir, na miƙa hannu wajen maɓallin. Ya riga ya kai bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, sai ya juyo.

"Ke dai bar shi a kunne. Ban gama ba su ruwa ba, in na isa shago zan ƙarasa."